Lissafin Lita

Dillalin da ya haɗa ni da ita a Katako
ya dafa ƙirji ya ce,
"Wannan ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi.
Lita guda, kilomita sha biyar, ko ka dawo min da ita."
Na biya. Ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Allurar nan ta bayan sitiyari ba ta da alkawari.
In na kama hawa sai ta sunkuya
kamar wadda aka kama da satar nama,
in na gangaro Gada Biyu sai ta ɗago kai
kamar ba ita ta tsinka min zuciya ɗazu ba.
Wata uku ina yi mata kallon boka,
albashi yana tsiyaya ta inda ban gani ba.

Dalyop bakanike, a Farin Gada,
wanda fanka ta gutsure wa ɗan yatsa,
ko murfin inji bai ɗaga ba ranar farko.
Ya yago gefen takardar siminti, ya miƙo min.
"Malam, kai mai koya wa 'ya'yan mutane rabawa,
mota ce za ta gagare ka?
Cika tanki har famfo ya ƙi da kansa.
Rubuta lambar tafiya. Je ka sha'aninka.
Ran da ka dawo, famfon nan dai, ka sake cikawa.
Nisan da ka yi, raba shi da abin da ta haɗiye.
Abin da ya fito, shi ne halinta."

Ɗari biyu da saba'in. Lita talatin.
Tara.
Na sake bugawa ko alƙalami ya yi tuntuɓe.
Tara dai.

Na zo da zagi a bakina, na ce tsohuwa ce, mayya ce.
Dalyop ya taka tayar baya, ta lotsa kamar gurasa.
Ya buɗe but: mataccen batir,
rabin buhun dankalin da na manta tun Bukuru,
da bulo biyu, har yau ban san na wane ne ba.
Ya zaro fulogi baƙi ƙirin, ya nuna min bai ce komai ba.
Sannan ya kalli ƙafata ta dama.
Ya daɗe yana kallonta.

To, gaskiya ɗaci gare ta.
Ni ne mai barin inji yana gurnani da asuba
wai yana jin sanyin Jos,
ina ciki ina kurɓar shayi.
Ni ne mai danna totur a cunkoson Taminus
don in riga Keke isa wurin da duk za mu tsaya.

Da muka je Abuja gaisuwar rasuwa
na lallaɓa ta, muka sauka Hawan Kibo, ta ba ni sha uku.
A dawowa ta karɓi abinta, ta bar min goma.
Hanya ɗaya, fuska biyu.
Na daina yanke mata hukunci da tafiya guda;
ko mutum ba a auna shi ranar da ya hau tudu.

Yanzu sha ɗaya muke yi, wani makon da ɗoriya.
Littafin yana hannun Zulai, 'yar aji biyar,
ita ke jan layi, ita ke tsare mai famfo da ido.
Jiya a layin mai ta rufe shi, ta ce,
"Baba, kai fa, nawa kake yi a lita?"

Na tuna kofin shayin safe
da ya kai ni har la'asar, aji shida, a tsaye.
Na ce, rubuta: ba a auna ba tukuna.